Gem, Fim ɗin Sadaukai ko Anime: Wane Duhu Zuciyarka Za Ta Iya Ɗauka?

Akwai lokacin da mutum kan gaji da labarin da tun minti na goma ya san yadda zai ƙare. Sai ya ji yana son wanda zai riƙe shi, wanda ko ya kashe allo ba zai iya miƙewa nan take ba. A nan zaɓi uku suke tsayawa a gabansa: wasannin gem masu duhun labari, fina-finan sadaukai irin su Batman da Wolverine waɗanda suka tashi daga wasan yara suka koma zancen manya, sai kuma anime, wato zane mai motsi na Japan. Lokaci ba ya isa a bi duka ukun, aljihu ma haka. Wanda ke da awa biyu kacal da daddare bayan ya sauke hidimar yini, dole ya zaɓi ɗaya ya fara da shi.

Da na ce duhu, ina nufin labarin da mutuwa, cin amana, yaƙi, nadama ko taɓin hankali ke tsakiyarsa, kuma ba a yi maka alkawarin cewa mai gaskiya zai yi nasara ba. Na shafe shekaru ina shiga ukun ina fita, kuma abin da na gane shi ne nauyin da suke ɗora wa mutum ba iri ɗaya ba ne, ko da jinin da aka zubar a allo daidai yake.

Abubuwa biyar da za mu auna

Na farko kuɗi, har da na na'ura da na data, ba na labarin kaɗai ba. Na biyu ɗorewa, kuma fuska biyu gare ta: awa nawa abin zai ɗauke ka, sannan ko zai kasance a hannunka bayan shekara biyar. Na uku sauƙin shiga: me ake bukata ka iya, ko ka riga ka sani, kafin ka ji daɗinsa. Na huɗu haɗari, ga barcinka, ga idonka, ga halin da zuciyarka take ciki.

Na biyar shi ne wanda na fi bai wa muhimmanci, kuma shi ne ba a cika faɗa ba: ina nauyin yake sauka? Kai ne ka aikata abin da hannunka, ko kallo ka yi daga nesa, ko kuwa zama ka yi da mutanen labarin har suka zama kamar naka kafin a raba ka da su?

Gem masu duhu

Wajen shiga, gem ne ya fi tsada, babu ja. PlayStation 5 mai cin faifai ta fito a watan Nuwamba na 2020 a kan dala 499, kuma kwamfutar da za ta ɗauki manyan wasanni ba ta yin ƙasa da haka. Elden Ring ya fito a 2022 a kan dala 60, wasu manyan na yanzu sun kai 70. Sauke irinsu kan cinye gigabait 50 ko fiye. Amma idan na'urar tana hannu, lissafin sai ya juya: Elden Ring zai riƙe ka awa 60 cikin sauƙi, wanda ya ce sai ya leƙa kowane lungu zai wuce 100. Ka ga kowace awa ta tsaya maka a dala ɗaya ko ƙasa. Akwai kuma ƙanana masu rahusa da ba su gaza manyan nauyi ba. Hollow Knight, wanda wata 'yar ƙaramar tawaga a birnin Adelaide na Ostireliya ta fitar a 2017, dala 15 ne, ga shi ba ya wahalar da kwamfuta. This War of Mine kuwa har a waya ana buga shi. Ga mai saye a Steam, kasuwar gem ta intanet, akwai dokar da ya kamata ya riƙe: in bai wuce kwana 14 da saye ba, kuma bai buga awa 2 ba, zai iya neman a mayar masa da kuɗinsa.

Ɗorewar mallaka kuma tana da tabo. Spec Ops: The Line, wasan yaƙi na 2012 da ya shahara wajen sa mai bugawa ya tsani abin da ya aikata, an cire shi daga kasuwannin intanet a farkon 2024 saboda ƙarewar wa'adin wasu lasisi. Wanda ya riga ya saya yana da nasa, wanda bai saya ba sai dai ya nemi tsohon faifai. Bloodborne na 2015 kuma a PlayStation kaɗai yake, mai kwamfuta ba shi da rabo.

Sauƙin shiga shi ne inda mutane da yawa suke juyawa. Dark Souls, wanda kamfanin FromSoftware ya fitar a 2011 ƙarƙashin jagorancin Hidetaka Miyazaki, ba shi da wurin da za ka zaɓi a sassauta maka. In ka mutu, rayukan da ka tara, wato kuɗin wasan, suna zubewa a inda ka faɗi, a mayar da kai wurin wutar da ka huta a ƙarshe, maƙiyan da ka kashe kuma yawancinsu sun tashi. Kana da dama ɗaya ka koma ka kwashe su. In ka sake mutuwa a hanya, sun tafi ke nan. Akwai bos, wato babban maƙiyi, da na yi dare uku ina fama da shi, kuma ranar da ya faɗi hannuna rawa yake yi, na kasa danna komai na kusan minti ɗaya. Wannan jin daɗin ba a samunsa a kallo, domin gumin naka ne. Amma ba duka gem masu duhu ne haka ba. The Last of Us Part II na 2020 ya zo da hanyoyin sauƙaƙawa sama da 60, har da na masu raunin gani da na ji, kuma za ka iya rage wahalar faɗa ka bi labari kawai.

Yanzu ga ma'auni na biyar, inda gem ya sha bamban da sauran biyun. Bari in ba ka abin da ya faru da ni a This War of Mine. Kamfanin 11 bit studios na Foland ne ya yi shi a 2014, ya ɗauko ruhinsa daga ƙawanyar da aka yi wa birnin Sarayebo daga 1992 zuwa 1996. Ba soja kake ba a ciki. Fararen hula ne ƙalilan a wani rusasshen gida, da rana suna gyare-gyare suna ɓoyewa daga maharba, da dare ɗayansu ya fita neman abin da za a rayu. Ɗaya daga cikin mutanena ya kwanta ciwo, babu magani. Na tura mai fita wani gida da aka ce babu masu bindiga. Ashe wani tsoho ne da matarsa a ciki. Ba su da makami, ba su iya hana ni komai ba. Na buɗe akwatinsu na ga maganin, na ɗauka. Tsohon ya yi ta bina ɗaki zuwa ɗaki yana roƙo, ni kuwa ina ta cusa kaya a jaka. Da gari ya waye a wasan, mutanen gidana suka shiga baƙin ciki, tafiyarsu ta yi sanyi, suna maganar abin da aka yi wa tsofaffin. Na rufe wasan, na yi kwana biyu ban buɗe shi ba. Na san zane ne, na san babu wani tsoho. Amma yatsana ne ya danna, kuma babu wanda ya tilasta mini.

Irin wannan dabarar ce The Last of Us Part II ya yi amfani da ita: in ka kashe wani daga cikin maƙiya, sai ka ji abokinsa ya ƙwala kiran sunansa. Daga nan ka daina ganinsu a matsayin shinge a hanya. Hellblade: Senua's Sacrifice na 2017 ya bi wata hanyar. Jarumarsa tana fama da ciwon jin muryoyi, kuma masu wasan sun yi aiki da Farfesa Paul Fletcher na Jami'ar Kambirij da mutanen da suka taɓa shiga wannan hali. In ka sa abin ji a kunne, muryoyin suna raɗa maka ta dama da hagu da bayan ƙeya, wasu suna ƙarfafa ka, wasu suna yi maka dariya. Awa 7 zuwa 8 ne kawai, amma ban san wani aiki da ya sa na tausaya wa masu wannan lalurar kamarsa ba.

Haɗarin gem shi ne ba shi da wurin tsayawa na kansa. Fim yana ƙarewa, kashin anime yana ƙarewa, amma "bari in sake gwadawa sau ɗaya" ba ta ƙarewa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta sanya jarabar gem cikin kundinta na cututtuka da ya fara aiki a Janairun 2022, ko da yake sharaɗin yana da tsauri: sai mutum ya kasa sarrafa kansa, ya fifita wasan a kan sauran rayuwarsa, ya ci gaba duk da ɓarnar da yake gani, yawanci har tsawon wata 12. Mafi yawan masu bugawa ba su kai nan ba. Abin da ya fi yawa shi ne barcin da ake ci bashinsa. Alamar shekaru kuma a bayyane take a jikin kowane wasa: M a tsarin Amurka na nufin 17 zuwa sama, tsarin Turai kuma lamba yake sawa, 16 ko 18.

Fina-finan sadaukai

Nan ba sai na daɗe ba, domin shi ne zaɓin da kowa ya fi sani. Kuɗinsa tikiti ɗaya ne ko kuɗin wata na manhajar kallo, na'urarsa kuma duk allon da kake da shi. Tsawonsa zama ɗaya: The Dark Knight, fim ɗin Batman, minti 152, Logan, fim ɗin Wolverine, 137, The Batman na 2022 ya kai 176. Ba a bukatar ka iya komai.

Tarkon da ke ciki ɗaya ne, wato jerin da ba ya fahimtuwa sai an bi shi daga tushe. Avengers: Endgame na 2019 shi ne fim na 22 a jerin Marvel da ya fara da Iron Man a 2008. Wanda ya faɗa masa kai tsaye zai ga mutane suna kuka a kan sunayen da bai sani ba. Masu duhun gaske, abin farin ciki, yawanci tsayayyu ne da ƙafarsu.

The Dark Knight na Christopher Nolan, wanda ya fito a 2008, har yau shi nake fara miƙa wa mai tambaya. Heath Ledger ya rasu a Janairun shekarar, watanni kafin fim ɗin ya fito, aka ba shi kyautar Oscar bayan rasuwarsa, kuma Joker, mugun fim ɗin, da ya fito da shi ba kuɗi yake nema ba, so yake ya nuna cewa kowa mugu ne in an matsa shi. Wurin da ya fi tsaya mini shi ne na jiragen ruwa biyu, ɗaya cike da fursunoni, ɗaya da mutanen gari, an ba kowanne abin tayar da bam ɗin da ke cikin ɗayan. Ina kallo ina tambayar kaina me zan yi. Amma ka lura da bambancin: tambaya na yi. A gidan tsofaffin nan na gem, amsa na bayar.

Logan na 2017 ne ya fi taɓa ni a cikinsu, kuma ba don faɗan ba. Sadaukin ya tsufa, raunukansa sun daina warkewa da sauri, yana tuƙin haya don ya sayi maganin Farfesa Xavier, wanda ya haura shekara 90 kuma ƙwaƙwalwarsa ta fara kubce masa. Duk wanda ya taɓa jinyar tsoho, ya ɗaga shi ya kwantar, ya jure faɗansa, zai ga kansa a wannan fim. Joker na 2019 kuma, wanda ya ci babbar kyautar bikin fina-finai na Benis kuma ya tara sama da dala biliyan ɗaya, kusan babu sadaukantaka a cikinsa. Labarin mutum ne mai ciwon ƙwaƙwalwa da aka yanke wa tallafin magani, gari ya yi ta tattaka shi.

Raunin wannan zaɓin, a ganina, shi ne duhunsa yakan zo da ƙofar fita. A ƙarshen Avengers: Infinity War na 2018 rabin halittu sun zama ƙura, 'yan kallo suka fito jiki a sanyaye. Kafin a nuna ci gabansa, an riga an saki tallar sabon fim ɗin Spider-Man, wanda yana cikin waɗanda suka ɓace. To wa za ka yi wa makoki? Sadaukan nan dukiyar kamfani ne, kamfani kuwa ba ya binne abin da ke kawo masa kuɗi. Ko Hugh Jackman, da aka yi bankwana da shi a Logan, ya dawo cikin rigar Wolverine a 2024. Wannan rauni ne ga mai neman abin da zai girgiza shi, amma rahama ce ga wanda ke son ya ɗanɗana nauyi ya kuma yi barci lafiya.

Haɗarinsa shi ne mafi ƙanƙanta a cikin ukun, muddin an duba alama. The Dark Knight da The Batman PG-13 ne, wato a kula da yaran da ba su kai shekara 13 ba. Logan da Joker kuwa R ne, wato na manya, kuma sun cancanci alamar. Sunan sadauki a jikin fim ba ya nufin na yara ne.

Anime

Wajen kuɗi, anime ne ya fi ba da riba. Waya ta isa, kuɗin wata ɗaya na Crunchyroll, manhajar kallon anime, ko Netflix kuma zai buɗe maka abin da ba za ka iya gamawa ba. Data ce za ka lura da ita, ko da yake zane ba ya lalacewa sosai in ka rage ƙarfin hoto. Sai dai haya kake yi, ba saye ba. Jerin da kake tsakiyar kallo zai iya ɓacewa in lasisinsa ya ƙare, wani ma ba a nuna shi a ƙasarka tun farko. Lokacin da aka rufe manhajar Funimation a Afrilun 2024 aka haɗe ta da Crunchyroll, kwafin intanet da mutane suka samu tare da faifansu bai bi su zuwa sabon gidan ba.

Kowane kashi kusan minti 24 ne, kuma wannan ya sa lissafi ke da sauƙi. Death Note kashi 37, wajen awa 14. Vinland Saga zango biyu, kashi 48, wajen awa 19. Fullmetal Alchemist: Brotherhood kashi 64, wajen awa 25. Monster kashi 74, kusan awa 30. Attack on Titan, wanda aka fara a 2013 aka kammala a 2023, ya wuce awa 35. Duk waɗannan, ban da Vinland Saga da zanen bai kai ƙarshen littafinsa ba, labarai ne da aka rufe. Wannan abin dubawa ne kafin ka fara, domin akwai waɗanda za su bar ka a rataye. Berserk, wanda da yawa ke ɗauka a matsayin uban masu duhu, Kentaro Miura ya fara zana shi a 1989, ya rasu a Mayun 2021 bai kammala ba. Abokinsa da mataimakansa ne suka ɗora daga inda ya tsaya.

Shigarsa tana bukatar ɗan haƙuri. Ko ka karanta fassara a ƙasan allo kana jin Japananci, ko ka nemi wanda aka sake wa murya. Ni na fi son na farko, amma yana nufin ba za ka iya kallo kana wani aikin ba. Akwai kuma salon da sai ido ya saba: dogon tunanin zuci a tsakiyar faɗa, ihun da ya wuce kima, barkwancin da kan faɗo a inda ba ka zata ba. Kashi uku zuwa huɗu sun isa ka san ko za ku shirya.

Nauyin anime daga lokaci yake zuwa. Fim yana da awa biyu ya sa ka so mutum. Anime yana da awa ashirin, don haka in ya ɗauke maka shi, rashi kake ji na wanda kuka zauna tare. Vinland Saga ne misalin da na fi so. Zango na farko, na 2019, yaro ne mai suna Thorfinn a zamanin mayaƙan Bikin (Viking) na arewacin Turai, ya taso ba shi da buri sai ɗaukar fansar mahaifinsa, kuma ana nuna faɗan yadda zai burge ka. Zango na biyu, na 2023, sai ga shi bawa a wata gona a Denmak, yana sare itatuwa yana tumɓuke kututture, da dare kuma waɗanda ya kashe suna zuwar masa a mafarki. Wasu sun yi ƙorafin cewa an mayar da labarin yaƙi na noma. Ni kuwa a nan na ji kunyar tafin da na yi masa a zangon farko. Babu fim ɗin awa biyu da zai iya yi maka haka, domin sai an bar ka ka daɗe kana jin daɗin jinin kafin a juyo da madubi.

Monster na Naoki Urasawa ba shi da dodo ko tsafi. Likita ne ɗan Japan a birnin Dusuldof na Jamus, ya zaɓi ya ceci yaron da aka harba a kai maimakon magajin gari, bayan shekaru ya gano abin da yaron ya zama. A hankali yake tafiya, mai gaggawa ba zai jure ba. Grave of the Fireflies kuwa, na Isao Takahata a 1988, minti 89 ne kawai: yaro da ƙanwarsa a birnin Kobe a 1945, bayan ruwan bama-bamai. Sau ɗaya na kalle shi. Har yanzu in na ga ƙaramar yarinya tana girgiza gwangwanin alewa don ta ji ko da saura, sai ya faɗo mini.

Babban haɗarin anime shi ne fuskarsa tana yaudara. Ana ganin zane sai a ce katun ne, a miƙa wa yaro. Made in Abyss na 2017 yana da yara masu zagayen fuska da manyan idanu, amma abin da ake yi wa jikinsu a ciki babba ma sai ya kau da kai. Ko Fullmetal Alchemist: Brotherhood, da ya fi sauran sassauci, kashinsa na 4 ya hana mutane da yawa barci. Sannan akwai tsiraici da kan faɗo ba sallama a wasu jerin, wani lokaci a jikin masu kamar ƙananan shekaru, kuma wannan ya sa na ajiye fiye da ɗaya ban ƙarasa ba. Mai kiyaye idonsa ya karanta bayanin abin da ke ciki kafin ya danna. Shafukan sata kuma, ban da haƙƙin masu aikin, tallace-tallacen batsa da manhajojin cutarwa ne cike da su. Sai na ƙarshe: kashi na gaba yana buɗe kansa cikin daƙiƙu, kuma an gina kowanne ya ƙare a inda ba za ka iya tsayawa ba.

A taƙaice cikin jadawali

| Ma'auni | Gem | Fim ɗin sadaukai | Anime |
|---|---|---|---|
| Kuɗin shiga | Mai yawa, sai dai ƙananan wasanni | Kaɗan | Kaɗan |
| Tsawon lokaci | Awa 7 zuwa sama da 100 | Awa 2 zuwa 3 | Awa 10 zuwa sama da 35, fim ɗinsa awa 1 da rabi zuwa 2 |
| Zama a hannunka | Faifai naka ne, na intanet kan iya ɓacewa daga kasuwa | Sauƙin sake samu | Ya danganta da lasisi |
| Sauƙin shiga | Sai an koyi hannu | Babu wahala | Sai an saba da karanta fassara |
| Babban haɗari | Cin barci, nauyin laifi | Ɗaukarsa na yara | Zane mai yaudara, tsiraici, kallo ba tsayawa |
| Inda nauyi ke sauka | Kai ka aikata | Ka gani daga nesa | Ka zauna da su, aka raba ku |

Wa ya dace da wanne

Wanda aiki ya yi wa yawa, dare ɗaya kawai yake samu a mako, ya tsaya a fim. The Dark Knight in yana son tunani, Logan in yana son abin da zai taɓa zuciya. Fara gem mai awa 60 a irin wannan hali ɓata kuɗi ne, domin kafin mako ya zagayo hannu ya manta maɓallan.

Wanda waya kaɗai gare shi kuma yana da rabin awa kullum, anime aka yi dominsa. Death Note ya fi saurin kama sabon shiga. Mai haƙuri ya tafi Monster, wanda kuma ya taɓa riƙe wani a zuciya ya kasa yafewa ya nemi Vinland Saga, ya daure har zango na biyu.

Wanda kallo ya daina motsa shi, yana ganin mutuwa a allo kamar ba komai, shi ne mutumin gem. In yana son gwagwarmaya da nasarar da ya sha wuya a kanta, Elden Ring ya fi Dark Souls sauƙin farawa, domin in bos ya gagare ka za ka iya barinsa ka zaga wani wuri ka ƙara ƙarfi ka dawo. In labari yake so ba wahalar hannu ba, The Last of Us na farko, wajen awa 15, a kan mataki mai sauƙi.

Masu son kallo tare, miji da mata ko abokai, fim ko gajeren anime ya fi musu. Gem mai duhu abin mutum ɗaya ne, na gefe gajiya yake yi.

Mai zaɓar wa matashi ɗan shekara 14 ko 15, fim mai alamar PG-13 ne ya fi aminci, kuma ya zauna su kalla tare. Kada ya yarda da zane don zane ne, kada kuma ya yarda da gem don sunansa wasa.

Wanda kuwa yake cikin sabon rashi, ko baƙin ciki ya daɗe yana danne shi, ina roƙonsa ya jinkirta Hellblade da This War of Mine da Grave of the Fireflies. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, amma waɗannan ukun suna taɓa wurin da bai warke ba, kuma a This War of Mine mutumin da baƙin ciki ya karya zai iya kashe kansa a cikin wasan. In har yana son wani abu mai nauyi a wannan lokacin, Fullmetal Alchemist: Brotherhood yana bi ta cikin rashi amma yana fitowa da mutum ta wancan gefen.

In har yanzu kana tsakiya, mako ɗaya ya isa gwaji ba tare da asara ba: Logan a dare ɗaya, kashi huɗu na farko na Vinland Saga a dare biyu, sannan This War of Mine a Steam na minti 90, ka tsaya kafin awa 2 ta cika don damar mayar da kuɗi ta kasance a hannunka. Wanda ka wayi gari kana tunaninsa, da shi za ka ci gaba.